Harsashi mai rigar tagulla ko na dalma zalla: wanne ya fi a filin atisaye?

A Zariya, inda Depot ke horar da kuratan soja, harsashi mai riga aka fi sani: dalma a ciki, tagulla ta lulluɓe ta, gindi kawai ke buɗe. A ƙaramar bindiga mai 9mm nauyinsa yakan kai giram 7.5 ko 8, kaurinsa milimita 9.02. Santsin hancinsa ne ke sa ya hau daga gidan harsashi ba tare da ya cije ba, kuma ba ya barin datti sosai a bututu.

Na dalma zalla ya fi araha, nan kusan amfaninsa ya tsaya. Ana yin sa da ɗan ƙarin kauri, kamar 9.04, don ya cika bututu ba tare da barin kafa a gefe ba. In ya yi siriri, iska mai zafi ta bi gefensa ta narkar da dalmar, sai ka haska bututu ka ga ta shafe ramukan ciki kamar ƙanzo a tukunya. Daga nan saiti ya lalace, matsi ya ƙaru. Ga hayaƙin man da ake shafa masa, ga ƙurar dalma da ake shaƙa. A rufaffen fili wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Mai riga ma yana da nasa aibin: yana huda abu ya wuce, yana kuma tsalle in ya daki dutse ko ƙarfe, don haka dole a tara tudun yashi a bayan abin hari. Duk da haka shi muka fi so.

Sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba kuwa, wannan ƙera harsashi ne, kuma a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izini ba.