Manhajar waya ko littafin nahawu: wanne ya fi wajen koyon Sifaniyanci?

Mai koyon Sifaniyanci ba malami yana da hanya biyu: manhaja irin Duolingo, ko littafin nahawu da biro.

Manhaja akwai daɗi, ba musu. Minti 10 kana jiran mota a tasha, ka ji yadda ake furta kalma, kunnenka ya saba. Amma ba ta cika tsayawa ta faɗa maka dalili ba. Sai ka yi ta danna soy da estoy kana cin maki, alhali ba ka gane cewa estoy cansado (na gaji) gajiyar yanzu ce, soy alto (ni dogo ne) kuwa siffar da aka san ka da ita ce ba.

Littafi ne ke warware wannan. Zai kasa maka aikatau gida uku, masu ƙarewa da -ar, -er da -ir, ka yi ta rubuta hablo, hablas, habla (ina magana, kana magana, yana magana) har su zauna. Bahaushe ma ya yi sa'a a nan: kamar a Hausa, yawancin sunayen da suka ƙare da -a jinsin mace ne, ban da irin su el día (yini), yadda gida da ruwa suke namiji a wurinmu. Aibin littafi dai ba ya magana.

Ni littafin na fifita, manhajar kuma na bar wa kunne.