Obudu ko Mambila?

Zafin bazara ya koro mu barci tsakar gida a ƙauyenmu kusa da Birnin Kudu. Da muka yi shawarar zuwa tudu mai sanyi mu sha iska, yayana ya ce Obudu za mu, ni kuwa Mambila.

Obudu wurin shaƙatawa ne a kan dutse a jihar Kuros Riba. A 1951 Turawa suka kafa gonar shanu a can, a 2005 aka kafa motar waya, wato mai tafiya rataye a jikin waya, mai hawa dutsen. Gyararren wuri, amma ga nisa ga tsada.

Mambila ta Taraba ba ruwanta da ƙyale-ƙyale: gonakin shayi a Kakara, hazo har bakin ƙofa a Gembu, shanun Fulani ko'ina, kuma Hausa za ta fisshe ka a kasuwa. Hawan tudun ne dai sai direba mai haƙuri. Yaya, ka nemo rigar sanyi.