Gora ko jakar ruwa ta goyo: wanne ya fi a tseren keken dutse da zafi?

Matasanmu masu tuƙa keken dutse a Jidda da Ɗa'if sun yi ta maimaita wannan tambaya.

Gora tana ɗaukar rabin lita zuwa mililita 750, jaka kuwa lita 1.5 zuwa 2. A zafin Saudiyya gumin mai tsere kan wuce lita guda a awa, kenan gora ɗaya ba ta kai mutum ko'ina. Sai dai kowace lita kilo guda ce, kuma jaka tana rufe gadon baya, ta hana gumi bushewa. Nan zafin jiki ke taruwa a hawa mai tsawo.

A gangara mai duwatsu jaka ta fi: tiyon jakar a baki, hannu biyu na riƙe da kan keke. Gora sai ka saki hannu ɗaya, kuma idan mariƙinta ya saki, tsalle guda za ta yi ta bar ka, bakinta ma ƙura yake sha. Amma da gora kake kwara ruwa a ƙeya. Ita ake zuba wa ruwan sukari da gishiri. A jaka, in ba a wanke tiyo ba, sai ya yi funfuna. Kuɗi kam, gora ta fi araha nesa ba kusa ba.

Mai tseren zagaye na kusan awa ɗaya da rabi, da ake miƙa masa sabuwar gora mai sanyi a wurin shayarwa, gora ta ishe shi. Mai dogon zango a hamadar Al'ula, inda tashoshin ruwa ke nesa da juna, ya goya jaka, ya ƙara gora ɗaya.