Na ci kifi a masaukin da aka sake ginawa a 1677

Wani ɗan'uwana da ke aiki a Landan ne ya ja ni George Inn, bayan mun gama zagaya kasuwar Borough ƙafafu sun gaji. Da ni kaɗai ne da na wuce ban gan shi ba, don ƙofar wani ɗan lungu ce a bakin titin Borough High Street, tafiyar 'yan mintuna daga gadar Landan. Kana kutsawa sai ga fili shimfiɗe da duwatsu, ga dogon gini mai barandar katako hawa biyu, ta ɗan karkace saboda tsufa.

Bari in faɗa tun da wuri: yau ba a kwana a nan, kuma mashaya ce, ana sayar da giya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da hakan ba, ya tsaya a filin ya kalli gini ya wuce, ba a karɓar ko sisi. Mu da rana muka je, muka zauna a waje, na ci soyayyen kifi da dankalin Turawa, na kora da shayi. Kifin ya zo da zafinsa, ɓawon yana ƙaras-ƙaras, kuma ya ƙosar da ni. Farashi kam na Landan ne, kada ka yi kuskuren lissafa shi da naira.

Abin da ya riƙe ni awa biyu shi ne labarin waɗanda suka riƙe gidan. A da gadar Landan ce kaɗai hanyar shiga birnin daga kudu, shi ya sa masaukai suka jeru a wannan titi, kekunan doki na sauke fatake da kaya. Aikin mai masauki a lokacin bai da maraba da na fatoma a zango: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da dabbarka, ya adana hajarka. Gobarar 1676 ta cinye yawancin unguwar Southwark har da wannan gida, sai ɗan hayar, Mark Weyland, ya sake gina shi. Mai gidan ya rage masa haya, kuma a cikin abin da yake biya har da curin sukari guda. Na yi dariya da na ji wannan, sai na tuna mazarƙwaila.

Jirgin ƙasa ne ya kashe kasuwar masaukan. A 1874 kamfanin Great Northern Railway ya sayi wurin ya mai da wani sashensa ma'ajiyar kaya, daga baya ya rushe ɓangare biyu cikin uku. Masaukan da ke maƙwabtaka da shi, Tabard da White Hart, gaba ɗaya aka baje su. A wannan mawuyacin lokaci ne wata mata, Amelia Murray, ta karɓi gidan a 1878, bayan rasuwarta 'yarta Agnes ta ci gaba har 1934. Wani zai iya cewa taurin kai ne ya hana su sabunta wurin, ni kuwa na ce albarkacin taurin kan nan ne muka sami abin kallo. Shekara uku bayan Agnes, a 1937, aka miƙa ginin ga National Trust, ƙungiyar da ke adana wuraren tarihi, yanzu kuma kamfanin giya da mashayu na Greene King ke gudanar da shi. A duk Landan shi kaɗai ya rage cikin masaukai masu irin wannan baranda.

Kafin mu tafi na leƙa ɗakin da fasinjoji ke jiran keken doki a da. Rufin ƙasa-ƙasa ne, katakon ya yi baƙi, ga wani ƙaton agogo a bango, irin waɗanda ake dangantawa da harajin da majalisa ta ɗora wa agogo a 1797. Ɗan'uwana dogo ne, sai da ya sunkuya. In zan koma, da hantsi zan je, in sami kujerar da ke fuskantar barandar.