Maganin likita ko man shafawa: wanne za a riƙe bayan kircin bushewar fata ya lafa?

'Yar'uwa, kin ce ƙwaurin Mama ya bushe ya tsattsage yana ƙaiƙayi, likita ya rubuta mata man haidirokotison, cikin kwana goma wurin ya yi kyau. Kina tambaya ko a ci gaba da shafa maganin don kada ciwon ya dawo, ko a koma man shafawa kawai. Allah ya ƙara mata lafiya. Kowanne da aikinsa, kuma inda ake samun matsala shi ne a ɗora wa ɗaya aikin ɗayan.

Maganin likitan sitiroyid ne. Yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, amma ba ya mayar wa fata maiƙon da ta rasa. Shi ya sa ake ba da shi na ɗan lokaci, galibi mako 1 zuwa 2, a shafa kaɗan a inda ciwon yake kawai. Abin da kika matso daga bakin ɗan yatsa zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Idan aka zarce da shi wata da watanni, fata kan yi siriri, jijiyoyi su fito fili, ɗan bugu kaɗan sai ta yage. Ga shi fatar ƙwaurin tsoho dama ba kauri gare ta ba, kuma miki a wannan wurin yana jan lokaci kafin ya rufe. In kin shafa hannu kin ji wurin ya yi sumul, ba ƙaiƙayi, kuma kwanakin da likita ya ɗiba sun cika, a ajiye shi.

Man shafawa kuwa ba shi da ranar dainawa, domin dalilin ciwon yana nan. Da shekaru suka ja, fata kan rage fitar da maiƙo, ruwan cikinta ya riƙa tsiyayewa, har ta daddare kamar laka a busasshen tafki. Wannan kamannin ne likitan fata ɗan Faransa, Louis Brocq, ya bayyana tun 1907, kuma an fi ganinsa ga waɗanda suka haura shekara 60. Maganin ya kashe ƙaiƙayin, amma fatar Mama har yanzu mai neman mai ce.

A nan ma man shafawar suna suka tara. Mai ruwa-ruwa na cikin kwalba yana da daɗin shafawa, sai dai nan da nan ya bushe, kuma turaren da ke cikin da yawa daga cikinsu kan ta da ƙaiƙayi. Mai kauri irin basilin ya fi riƙe ruwa a fata. Na san wasu ba sa son danƙonsa. To a bar shi na dare, a samu mai sauƙi marar ƙamshi na rana. Akwai masu sinadarin yuriya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, suna tausasa fata sosai, amma a bari sai tsagewar ta rufe, in ba haka ba raɗaɗi za ta sha.

Lokacin shafawa ya kusa fin irin man muhimmanci. Da ta fito wanka, a ɗan daddanna jiki da tawul ba gogewa ba, a shafa cikin minti 3 tun da sauran damshi, ana bin kwanciyar gashi zuwa ƙasa. Aƙalla sau biyu a rana. Ruwan wanka ya zama mai ɗumi, kada ta daɗe a ciki, a rage sabulu a ƙafa, a raba ƙwaurin da soso. Ranar da ake amfani da duka biyun, a bar kamar minti 30 tsakaninsu. Ki kuma lura da abu biyu: tafin ƙafa mai mai yana santsi, sannan tufafin da suka sha basilin suna saurin kama wuta.

Batun dawowa, gaskiya yakan dawo, musamman lokacin sanyi da busasshiyar iska. Amma ciwo ne mai jin magani, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Baƙin tabon da ya bari kan ɗauki watanni kafin ya washe da kansa. Kada a bi shi da sitiroyid ko man bilicin.

A koma asibiti idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko zazzaɓi ya shigo. Haka nan idan an yi mako 2 ana magani ba sauƙi, ko ciwon ya bazu ko'ina a jiki, ko tana ramewa ba dalili. A irin wannan likita kan duba aikin tayirod (wata 'yar halitta a gaban wuya mai daidaita aikin jiki), ƙarancin sinadarin zinki a jiki, da magungunan da take sha, musamman masu sa yawan fitsari. Ki tafi da dukkan magungunanta a hannu, kada ta daina shan ko ɗaya sai likitan ya ce.