Asibitin zuciyar da muka kai Baba a Rayfield

Shekara biyu ke nan Baba yana shan maganin zuciya, tun bugun da ya kwantar da shi mako guda a asibiti. Ranar wata Talata da safe, sanyin Jos ya sauko sosai, yana shan shayi a tsakar gidanmu a Anguwar Rogo, sai kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira Inna, maganar ta fito a harɗe. Kafin minti goma komai ya koma daidai, har ya ƙarasa burodinsa. Inna ta ce sanyi ne. Ni ma zuciyata ta so hakan, shi ya sa sai ranar Alhamis na kai shi wani asibitin zuciya mai zaman kansa a wajen Rayfield.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. An ba mu ƙarfe tara, ba mu ga likita ba sai bayan sha ɗaya. Ɗakin ɗaukar hoto yana hawa na sama, kuma matakala ce kawai, a wurin da yawancin masu zuwa tsofaffi ne masu haki. Yarinyar da ke yankar kati ba ta jin Hausa, da Baba shi kaɗai ya je da ya sha wahala. Kuɗin hoton wuya da gwajin jini kuwa sun ci kusan rabin albashina.

Amma da muka shiga wurin likitar, na manta da jiran. Ta gaishe shi da Hausa, ta saurari labarin kofin shayin har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni: "Me ya sa ba ku zo tun ranar ba?" Ta ce abin da ya faru ƙaramar shanyewar ɓarin jiki ce, gargaɗi ne, kuma kwanakin farko bayanta su ne mafi hatsari. Idan babbar ta zo, allurar da ke narkar da gudan jini awa huɗu da rabi kawai take da shi.

Mai ɗaukar hoto ya shafa wa Baba wani ruwa mai yauƙi a wuya, ya ɗora na'urar, ya juyo mana da allon. Na ga jijiyar hagu, jini na wucewa ja da shuɗi, ga wani tudu fari-fari manne a bangonta. Likitar ta ce jijiyar wuya ta hagu ita ke shayar da ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke juya hannun dama da magana. Toshewar ba ta kai rabi ba, saboda haka babu maganar tiyata.

A nan ne ta yi bayanin da ya sa nake rubuta wannan. Ni a da na ɗauka kitse ne ke taruwa har hanya ta toshe, kamar datti a bututun ruwa. Ta zana mana a bayan kati: kitsen yana shiga cikin bangon jijiyar ne, jiki ya turo ƙwayoyinsa na kariya su yaƙe shi, wurin ya kumbura ya yi laushi kamar maruru. Ranar da fatar da ta rufe shi ta tsage, jini ya daskare a kai, gudan ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa. Ciwon da ya kama jijiyoyin zuciyar Baba shi ne dai a wuyansa.

Jin kalmar kumburi, Baba ya ce, "Likita, ai ina da maganin kumburi a gida, wanda nake saya a kemis saboda gwiwa." Diclofenac yake nufi. Ta ajiye bironta ta ce, "Alhaji, don Allah daga yau ka bar shi." Irin waɗannan magungunan, har da ibuprofen, suna ɗaga hawan jini, suna ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma idan suka haɗu da asfirin suna iya sa ciki zubar jini. Shekara biyu muna zuwa karɓar magani, maganar gwiwar nan ba ta taɓa tasowa ba.

Kafin a ɗibi jinin gwajin hs-CRP, wanda ke auna kumburin da ido ba ya gani, ta tambaya ko ya yi zazzaɓin cizon sauro ko ciwon haƙori kwanan nan, domin suna ɗaga sakamakon. Ƙasa da 1 hatsari kaɗan ne, sama da 3 ya yi yawa. Na Baba ya fito 4.6, bayan kwana uku.

Na tambaye ta game da colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓoɓi da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023 don masu ciwon jijiyoyin zuciya. Ba ta raina tambayata ba. Ta ce ya nuna amfani a wasu gwaje-gwajen, a wasu bai nuna ba, kuma ƙodar Baba ta ɗan yi rauni, don haka ba yanzu ba. Ta ƙara masa ƙarfin atorvastatin, wanda ke rage kitse da kumburin tare, ta gyara maganin hawan jini, ta ce Inna ta rage gishiri da dunƙule a miya.

Wanda ke da mai ciwon zuciya a gida, ina ba shi shawarar wurin, amma ya tafi da duk kwalayen maganin da ke ɗakin, har na kemis, kuma ya je da mai riƙe shi a matakala. Mu an ce mu koma bayan mako shida a sake awon. Baba yanzu yana takawa da ƙafa zuwa masallaci, ni kuma kullum bayan sallar isha'i nake auna masa jini ina rubutawa a littafin da ta ce mu zo da shi.