Akwatin kati da allo na zaman warware matsala: abin da yake iya yi da inda yake gazawa

Masu horar da ƙungiyoyin manoma da kwamitocin makarantu a Zariya sun saba da wannan akwati: katuna masu launi, maka (alƙalamin rubutu a allo) mai kaurin baki, fil, salatef na takarda, faffaɗar takarda ruwan ƙasa da allo mai laushi. Tsarin ya samo asali daga Metaplan, wata hanyar jan taro da katuna da aka ƙirƙiro a Jamus a shekarun 1970, UNICEF kuma ta faɗaɗa shi a Bangaladash a farkon shekarun 1990 da sunan VIPP. Hukuncinmu shi ne akwatin ya cancanci kuɗinsa, amma ga taron da yawancin mahalarta ke iya rubutu.

Ƙarfinsa yana cikin ƙa'idar katin. Magana ɗaya a kati ɗaya, layi uku kacal, da manyan haruffa yadda na bayan ɗaki zai karanta. Kowa ya rubuta nasa ba suna, a tattara, a cakuɗa, sannan a karanta ɗaya bayan ɗaya ana kafawa. A nan ne matashin da ba zai iya musa wa dattijo baki da baki ba yake samun bakin magana. Mutum 15 zuwa 25 da kati biyu-biyu sun isa. In aka ba kowa biyar, allon ya cika, a ɓata awa guda ana karatu, hankali ya watse.

Ba lallai a sayi na waje ba. Kwali mai girman A4 in aka yanka shi uku yana ba da kusan santimita 10 da 21, daidai girman katin, kuma masu yankan takarda a Sabon Gari za su yi wannan. Maka ce dai ba a rowa da ita. Mai siririn baki ba ya karantuwa daga nesa, ja da kore ma suna dushewa a kan kati mai launi, don haka baƙi ko shuɗi mai duhu. A hunturu makar da aka bari a buɗe takan bushe kafin a tashi, ƙura kuma ta hana salatef kama bango. Fil ya fi aminci.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bishiyar matsala, wato zanen da ake sa babbar matsala a gangarsa, dalilanta a saiwoyi, illolinta a rassa. A ce manoman rani ne na bakin kogin Galma. Kati na farko kusan kullum “rashin kuɗi” ne. Mai jan zaman da ya san aikinsa ba zai kafa shi a gangar bishiyar ba, zai tambaya me ke faruwa a gonar. Sai a samu “tumatir na ruɓewa kafin a kai kasuwa”. Wannan yana da saiwoyi da za a iya tonowa: kowa na ɗiba a mako ɗaya, kwando na matse na ƙasa, mota na makara. “Rashin kuɗi” kuwa amsarsa ɗaya ce, a kawo tallafi, zama ya ƙare.

Babbar gazawar akwatin ita ce ya ɗauka kowa na rubuta boko. A ƙyale mai ajami ya rubuta da ajami, muddin akwai mai karantawa. In marasa rubutu sun yi yawa, a rufe akwatin a koma ƙasa: a zana taswirar unguwa da sanda da toka, dutse ya zama rijiya, ganye ya zama fadama, sandar kuma ta kasance a hannun mutanen gari.

Wajen zaɓen abin da ya fi damun jama'a, ƙwayar masara goma ga kowane mutum ta fi ɗigon liƙawa da ke cikin akwatin. Sai dai in mai unguwa ya fara zuba tasa a bainar jama'a, sauran za su bi sahu. A sa ƙwarya mai murfi a gaban kowace matsala, a zuba a bayan labule, a ƙirga a gaban kowa. Zaman mata a yi shi daban, mace ta ja shi, a haɗa sakamakon daga baya. Kafin a cire fil ko ɗaya, a sa wa kowane rukunin katuna lamba, a ɗauki hoton allon da waya, takardar kuma a bar wa ƙungiyar.